Kundin Yayanki na Jami'a Ne, Makalarki ta IB Ce

Assalamu alaikum Malamai. Ni 'yar Katsina ce, gidanmu yana Ƙofar Sauri, amma ina karatu a wata makarantar kwana a Abuja da ke bin tsarin difloma ta ƙasa da ƙasa ta IB (International Baccalaureate), kuma ina shekarar ƙarshe. Dole ne kowane ɗalibi ya rubuta doguwar makalar bincike. Ni na ɗauki Tarihi, na yi tawa a kan Kwalejin Katsina. Da na zo hutu sai Yayana da ya gama jami'a ya ba ni kundinsa na digiri ya ce in bi tsarinsa, ya kuma kai aikin wani shagon buga takardu aka shirya mini shi da bango mai sunana da na makaranta, da sadaukarwa, da godiya, da tsakure (wato taƙaitaccen bayanin aikin), da babi biyar. Kalmomin sun kai 4,600. Na tura wa malamar da ke duba ni, ta ce bayanin ya yi kyau amma tsarin duka sai an sake, kuma ba za ta ƙara karanta mini wani daftari ba. Ga shi in na buɗe aikin a kwamfutata, sunaye irin su Ƙofar Soro sun rikiɗe sun koma wasu alamomi, lambobin shafi kuma ba su dace da ƙumshiya ba. Saura mako uku in miƙa. Yaya ya ji haushi, gani yake na raina taimakonsa. Ta ina zan fara?

Ɗalibarku, daga Ƙofar Sauri, Katsina

Wa alaikumus salam, ɗiyarmu. Kwantar da hankalinki. Riga ce ba ta dace ba, jikin aikin lafiyarsa lau, tunda malamarki ta yaba bayanin. Zaman kwana uku ko huɗu a gaban kwamfuta ya isa a ɗinka wata.

Abin da Yayanki ya ba ki daidai ne a wurinsa. Haka jami'o'inmu suke son kundi: a ɗaure shi da bango, a rubuta sunan mai shi ɓaro-ɓaro, a ajiye a laburaren sashe. Makalar IB kuwa ba a ɗaure ta. Makaranta ce ke loda ta ta intanet, wani mai ba da maki wanda bai san ki ba, mai yiwuwa ma a wata ƙasa yake, ya karanta ta a fuskar kwamfutarsa. In kin riƙe wannan a ranki, sauran ƙa'idojin duk za su zo miki da ma'ana: dalilin da ya sa ba a son suna, dalilin da ya sa ake son layuka su yi tazara, da dalilin da ya sa ake ƙidayar kalmomi kamar ana awon hatsi. Malamarki ma ba rowa ta yi miki ba. Ƙa'ida ta ba ta damar yin sharhi a kan cikakken daftari guda ɗaya tak, kuma ba ta da izinin gyara miki shi da hannunta. Tambaya dai kina iya yi mata, kuma tambaya ta farko da za ki yi ita ce wane kundin ƙa'idoji ne ya hau kanki. Wanda aka fara aiki da shi a jarrabawar 2018 shi muke bi a nan, amma akwai sabo ga masu zama jarrabawa daga 2027, don haka ki tabbatar da tazarar layi da rabon maki daga bakinta kafin ki taɓa komai.

Sassa shida ake nema, ba su fi haka ba: shafin take, ƙumshiya, gabatarwa, gundarin makala, kammalawa, sai manazarta. Tsakure an daina neman sa tun 2018, cire shi. Sadaukarwa da shafin tabbatarwa su ma su tafi. Godiyar da aka jero sunan Baba da Mama da shugabar makaranta ita ce ta fi haɗari, domin tana tona wace ce ke. Ki yi musu godiyar da baki a gida.

Shafin take abu huɗu kawai yake ɗauka: taken makala, tambayar bincike, darasin da aka yi rajistar makalar a ƙarƙashinsa, wato Tarihi, da adadin kalmomi. Babu sunanki, babu na makaranta, babu tambarinta, babu na malama. Babu kuma zanen furanni da masu shago ke son kewaye shafi da shi. Ki lura take daban, tambaya daban. Take gajere ne, kamar a ce rawar Kwalejin Katsina a siyasar Arewa. Tambaya kuwa dole ta zo a siffar tambaya da alamarta a ƙarshe, misali: yaya girman rawar da Kwalejin Katsina ta taka wajen samar da shugabannin siyasar Arewa daga 1921 zuwa 1960? Yadda kika rubuta ta a shafin take, haka za ta fito a gabatarwa, kalma da kalma. Ɗalibai da yawa sukan gyara tambayar a tsakiyar aiki su manta da ta shafin farko, sai mai ba da maki ya ga tambaya biyu ya rasa wadda aka amsa.

Suna yakan ɓoye a wuraren da ba a zata ba. Duba saman kowane shafi da ƙasansa, domin masu buga takardu sukan liƙa sunan ɗalibi a can. Duba rataye, wato takardun da ake haɗawa a ƙarshen aiki: in kin sa takardar neman izinin shiga gidan tarihi, sunanki da na makarantarku suna jikinta. In kin yi hira da wani dattijo ɗan uwanku, kada ki rubuta “kakana”. Ki ambace shi kamar kowane mai ba da bayani, bayan ya amince a ambace shi. Sannan fayil ɗin kansa yana ɗauke da sunan mai kwamfutar da aka fara buɗe shi. A Microsoft Word ki shiga File, ki danna Info, sai Check for Issues, sai Inspect Document, ki goge bayanan marubuci.

Yanzu maganar kalmomi, wadda ita ce babbar matsalarki ko da yake ba ita kika fi kuka da ita ba. Iyaka 4,000 ce, kuma mai ba da maki ba ya karanta abin da ya wuce nan. Ki dubi abin da wannan ke nufi ga makala mai kalmomi 4,600: abin da zai faɗa bayan iyaka shi ne ƙarshen hujjarki da kammalawarki gaba ɗaya, wato wurin da kika amsa tambayar. Kin yi noma kin bar amfanin a gona ke nan.

Sai dai kafin ki ɗauki almakashi, ki sake ƙidaya, domin lambar da Word ke nunawa a ƙasan fuska ta haɗa har da abin da ba a lissafawa. Abin da ake ƙidayawa shi ne gabatarwa, gundarin makala, kammalawa, maganganun da kika ɗauko daga wasu, da duk wani bayanin ƙasan shafi da ya wuce nuna madogara. Ba a ƙidayar ƙumshiya, taswira, zane, jadawali, madogara, ko manazarta. Takardar waiwaye mai kalmomi 500, wadda ɗalibi ke bayyana yadda aikin ya gudana a cikinta, ita ma hanyarta daban, ba ta cikin makala. Don samun lamba ta gaskiya, ki haskaka rubutun daga kalmar farko ta gabatarwa zuwa ta ƙarshe a kammalawa, ki shiga Review, ki danna Word Count, ki cire alamar da ke cikin ɗan akwatin da ya ce a haɗa da bayanan ƙasan shafi. Da zarar sadaukarwa da godiya da tsakure da manazarta sun fita daga lissafi, lambar za ta sauka sosai.

Ragowar kuwa mun san inda take kwance ba sai mun ga aikin ba. Babi na ɗaya na kundin jami'a cike yake da ƙananan kanu: dalilin bincike, manufar bincike, muhimmancinsa, farfajiyarsa, ma'anar kalmomi. Abu ɗaya ake ta maimaitawa da riguna daban-daban. Ki narkar da su duka su zama gabatarwa ta kalmomi 300 zuwa 400 da ke faɗin tambayar, dalilin da ya sa ta cancanci a yi ta, irin madogaran da kika yi amfani da su, da hanyar da hujjarki za ta bi. Wuri na biyu shi ne shimfiɗar tarihi. Duk ɗan Katsina in ya zauna rubutu sai ya ji bai kyauta ba in bai faro daga Durɓawa da Muhammadu Korau da hasumiyar Gobarau ba. Abin alfahari ne, amma tambayarki ta fara ne daga 1921. Sakin layi ɗaya ya isa ya kawo mai karatu zamanin Sarki Muhammadu Dikko, da kafa kwalejin a 1921, da buɗe ta a hukumance da Gwamna Hugh Clifford ya yi a 1922. Sauran fili ki bar wa abin da ake ba da maki a kansa: me ya haɗa karatun da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi a can da shugabancin da suka riƙe daga baya, kuma yaya za ki yi da cewa an mayar da makarantar Kaduna a 1938, alhali tambayarki ta kai 1960. Kada ki yi dabarar tura sharhi cikin jadawali ko ƙasan shafi don ɓoye kalmomi. An san wannan dabarar, kuma ana lissafa su. Ki nufi 3,800 zuwa 3,950, ki bar ɗan numfashi.

Babi biyar ɗin ma ki warware su. Makala mai shafi 14 zuwa 16 ba ta ɗaukar babi. Kanu huɗu ko biyar da ke faɗin abin da ke ƙarƙashinsu sun fi “Babi na Uku” amfani ga mai karatu.

Game da kwamfuta, shawararmu ita ce kada ki tsaya gyaran fayil ɗin shago. Aikin da aka jera da danna Enter sau goma don a kai sabon shafi, aka tura kanu tsakiya da sandar tazara, aka buga ƙumshiya da hannu ana jera ɗige-ɗige, ko kin gyara nan sai can ya goce. Don ki ga ɓarnar da idonki, danna Ctrl da Shift da 8 tare. Duk alamomin ɓoye za su bayyana. Abin da ya fi sauƙi shi ne ki buɗe sabon fayil, ki shirya shi tun yana fanko. A Layout ki zaɓi girman takarda A4, domin kwamfutoci da yawa suna zuwa a kan Letter ta Amurka. Gefe huɗu ki bar su santimita 2.54. Sai ki je Home, ki danna Normal da maɓallin dama na linzami, ki zaɓi Modify, ki sa Times New Roman ko Arial mai girman 12, tazarar layi kuma Double. Gyara Normal ɗin ya fi haskaka rubutu duka a canza, saboda duk sakin layin da kika ƙara daga baya zai bi tsarin da kansa. Daga nan ki riƙa kwaso rubutunki sashe-sashe kina liƙawa da zaɓin Keep Text Only, don kada ya taho da dattin tsohon fayil. Ki sani wannan zaɓin yana zubar da rubutun gicciye da lambobin ƙasan shafi, sai kin mayar da su da hannu, don haka ki bar tsohon fayil a buɗe a gefe kina dubawa.

Kowane babban kai ki sa masa Heading 1, ƙarami Heading 2. Za su fito da shuɗin launi. Ki gyara su ta Modify su koma baƙi da irin rubutun sauran makala. Amfanin wannan shi ne ƙumshiya. Ki ajiye linzami a shafi na biyu, ki shiga References, ki danna Table of Contents, Word zai jera kanun da lambobin shafinsu da kansa. Duk lokacin da kika yi gyara, ki danna Update Table ki zaɓi a sabunta duka. Matsalar lambobin da ba su dace ba ta ƙare ke nan. Sabon shafi kuma da Ctrl da Enter ake buɗe shi, sau ɗaya. Lambar shafi tana Insert, Page Number. In ba ki son ta fito a shafin take, ki sa alama a Different First Page. Lambobin Romawa da ake sa wa shafukan farko na kundi ba ki da buƙatarsu.

Baƙaƙe masu ƙugiya da suka rikiɗe, ga dalilinsu. Wasu shaguna har yanzu suna aiki da tsofaffin nau'o'in rubutun Hausa waɗanda aka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan maɓallan wasu alamomi. A kwamfutar shagon sai su fito daidai, amma duk kwamfutar da ba ta da wannan nau'in sai ta nuna alamar asali, kuma abin da mai ba da maki zai gani ke nan. Maganin shi ne a buga baƙin na ainihi. A Word ki rubuta U+0199 ki danna Alt da X, zai koma ƙ. Babbar Ƙ ita ce U+0198, ɗ U+0257, Ɗ U+018A, ɓ U+0253, Ɓ kuma U+0181. Kada ki tsallake U+ ɗin nan in kina tsakiyar kalma, domin in baƙin da ya gabata a ne ko b ko c ko d ko e ko f, Word zai ɗauke shi a matsayin wani ɓangare na lambar ya ba ki wani abu daban. Kin buga sau ɗaya, sai ki yi amfani da Ctrl da H ki musanya gurɓatacciyar alamar a duk inda take, amma ɗaya bayan ɗaya, kada ki share alama ta gaskiya, kamar baka. Tunda da Turanci kike rubutu, kalmomi irin su sarauta ko hakimi ki sa su a gicciye, ki fassara su a karon farko kawai. Sunayen mutane da wurare ba a gicciye su. Ki kuma tsayar da rubutu ɗaya ga kowane suna: in Ɓalewa ne a shafi na 3, kada ya zama Balewa a shafi na 9, sai dai a cikin maganar da kika ɗauko, wadda ake barinta yadda mai ita ya rubuta.

Madogara ita ce wurin da tsari ke haɗuwa da amana, kuma a nan ne sakaci ke iya jawo zargin satar fasaha, wanda ya fi asarar maki muni nesa ba kusa ba. IB ba ta tilasta salo guda ba. Abin da take so shi ne ki ɗauki ɗaya ki bi shi daga farko har ƙarshe, kuma kowace madogara ta nuna marubuci, shekarar bugu, sunan aikin, da lambar shafi. Abin da aka samo a intanet a ƙara adireshinsa da ranar da aka duba. In makarantarku ba ta zaɓa muku ba, mu a Tarihi salon Chicago mai bayanin ƙasan shafi muka fi so. Ya fi dacewa da takardun taskar tarihi masu dogayen lambobi, kuma yana sauƙaƙa ƙidaya, tunda madogaran da ke cikin baka a tsakiyar rubutu Word yana lissafa su, sai kin bi kin cire. Ctrl da Alt da F ke saka lambar ƙasan shafi. Kada ki taɓa buga ta da hannu, domin in kin cire sakin layi ɗaya duk jerin zai rushe.

Irin madogaranki suna da nasu sharaɗi. Takardar da kika gani a Taskar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ko a Arewa House, ki rubuta sunan taskar, lambar fayil kamar yadda take a bangonsa, sunan takardar da kwanan watanta. In ba ki je da kanki ba, a littafin wani kika ga an ambace ta, to ki faɗi haka, ki nuna littafin. Jingina wa kai fayil ɗin da ba a taɓa buɗewa ba yana saurin tonuwa a hirar ƙarshe da malama. Hira da dattijo kuwa tana buƙatar sunansa, matsayinsa, wurin da aka yi ta, da rana, da harshen da aka yi ta. In ke kika fassara maganarsa daga Hausa, ki faɗa a madogarar farko cewa fassarar taki ce. Manazarta a jera su bisa abacada da sunan ƙarshe na marubuci, layi na biyu na kowace ya shige ciki, wanda Ctrl da T ke yi. Abin da kika ambata a cikin makala kaɗai ke shiga. Jerin littattafai talatin da Yaya ya ara miki don shafin ya cika, alhali takwas kika yi aiki da su, ragi ne ba ƙari ba. Ki ɗauki biro ki bi su ta fuska biyu: kowace madogara tana da gurbi a manazarta, kowane abu a manazarta an ambace shi a ciki.

Hoton tsohon ginin kwalejin, wanda yanzu gidan tarihi ne, ki sa shi kawai in akwai jimlar da ke nuni gare shi tana ciro wani abu daga cikinsa. Ki ba shi lamba da bayani ta References, Insert Caption, da inda aka samo shi, ko da ke kika ɗauka. Hoton waya yana da nauyi, fayil kuma kada ya wuce megabait 10, don haka ki danna hoton ki nemi Compress Pictures. Rataye ba dole ne mai ba da maki ya karanta shi ba, saboda haka duk abin da hujjarki ta dogara a kansa ya zauna a gundarin makala.

Don kada tsari ya cinye miki makon ukun duka: a ƙa'idojin 2018 maki 34 ne gaba ɗaya, 4 kawai na tsari, 12 na zurfin nazari da hujja. Huɗun nan su suka fi sauƙin samu, shi ya sa asararsu ke da ciwo, amma da kin gama ɗinkin rigar ki koma kan hujja da sauran kwanakin.

Kowace rana ki adana aikin da sabon suna mai kwanan wata, ki tura wa kanki ta imel kafin ki rufe, saboda ɗaukewar wuta da filashin da ya zaga kwamfutocin shago ba su da tabbas. Ranar ƙarshe ki sabunta ƙumshiya, ki gyara adadin kalmomi a shafin take, ki adana a irin fayil ɗin da makaranta ta nema. In PDF ne, ki buɗe shi a wata na'ura daban, ko wayar Mama ce, ki duba ƙ da ɗ sun tsaya, babu kan da ya maƙale shi kaɗai a gindin shafi.

Yaya kuma ki same shi da ladabi, ki nuna masa shafin ƙa'idojin da ya ce ba a son suna, ya gani da idonsa cewa hukuma ce ta hana, ba ke kika ƙi ba. Gyara miki jimloli ko sake miki rubutu ba ya halatta, domin za ki sa hannu cewa aikin naki ne. Amma akwai aikin da ya iya fiye da ke tunda ya sha shi a jami'a: ki buga kwafi ɗaya a takarda, ki roƙe shi ya riƙe shafin manazarta, ke kina karanto madogaran ƙasan shafi ɗaya bayan ɗaya, shi yana sa alama a kan wadda ya samu, yana faɗa miki wadda babu.